Eko ta ce lahiya lau, to awon na mi ne kuma?

Baban Ikram:
Salamu alaikum ƴan gurup. Tambaya gare ni kuma don Allah masu sani nike so su amsa. Maiɗakina na da ciki wata bakwai, mun yi eko, wato hoton ciki na na'ura, har sau biyu a kilinik, kowane zuwa jikka biyar, duka an ce yaro lahiya lau har sun hwaɗa muna namiji ne. To yanzu sajfam, wato ungozomar likita, ta se-es-i, ƙaramin asibitinmu, ta ce ta riƙa zuwa awo duk sati biyu, kuma kun san yadda abin yake, ta hita tun bakwai na sahe ta zauna bisa banci har azahar ga yara a gida, ƙarshe a ɗaura mata abin tansiyo a gwada ciki da santimeta a ce ta dawo. Ni a ganina tunda na'ura ta leƙa ta ga komi daidai mi ya rage kuma?

Maman Ƴan Biyu:
Wa alaikumus salam. Ka bari ta je don Allah. Ni eko ce ta nuna mini ƴan biyu, ban raina ta ba, amma ranar da na kusa tahiya abin tansiyon nan da kake rainawa shi ya tona.

Alhajin Kasuwa:
Ni kam ina bayanka. Iyayenmu sun haihe mu goma goma ba awo ba eko.

Anti Sajfam:
Alhaji in ka samu lokaci ka tambayi Hajiya nawa ta haifa nawa suka rayu, kuma ƙawayenta nawa suka tafi wajen haihuwa, sai mu dawo kan maganar. Baban Ikram kai kuma ɗauko karne ɗinta ka duba inda aka rubuta TA, wato tansiyo, ka turo mini lambobin zuwa biyu na ƙarshe. A wata bakwai ba a cika cewa duk sati biyu ba sai an ga wani abu.

Baban Ikram:
Anti na farko 13/8, na satin da ya wuce 14/9. Akwai wani wuri kuma an sa alb da kurwa guda, wato alamar +. Ƙahwahunta sun ɗan kumbura amma ta ce haka take yi kowane ciki.

Anti Sajfam:
To ka ga abin da ya sa. 14/9 shi ne bakin iyaka, daga nan ake kiran shi hawan jini, kuma wannan kurwa ɗin albumin ne a fitsari, ma'ana ƙoda ta fara sakin abin da bai kamata ta saki ba. In waɗannan biyu suka haɗu bayan wata biyar shi ne muke tsoro, don shi ke kaiwa ga jijjiga. Eko ba ta auna tansiyo ƙanena, ba ta ganin fitsari, tana iya nuna maka yaro yana wutsil wutsil alhali uwar na kan hanya. Kumburin ƙafa shi kaɗai bai dame ni ba, mata da yawa na yi. Tambaye ta yanzu ko kai na sara mata, ko tana ganin walƙiya ko duhu duhu, ko zafi a ƙarƙashin haƙarƙari wajen dama, ko fuska da hannu sun kumbura har zobe ya matse. Ko guda ɗaya ne kar ku jira randebu.

Baban Ikram:
Ta ce ciwon kai kwana biyu tana shan parasetamol bai tahi ba. Bari in tada mashin.

Anti Sajfam:
Ku tafi da karne ɗin, kuma ku wuce matarnite kai tsaye.

Ɗan Fakilte:
Allah ya sauƙaƙa. Kafin ya dawo bari in ƙara wani abu a kan tambayarshi, don ba shi kaɗai ke wannan tunanin ba, har masu bincike sun taɓa zaton in aka kai eko ƙauyuka mutuwa za ta ragu. Sun gwada kuwa. Wani bincike mai suna First Look da aka wallafa a 2018, an yi shi a Kwango Kinshasa, Kenya, Zambiya, Gwatemala da Pakistan, haihuwa sama da 47,000, rabin garuruwan ana yi wa mata eko sau biyu a wajen awo rabin kuma awo kawai. Da aka zo lissafi mutuwar uwaye ba ta ragu ba, ta jarirai ma haka. Na'urar ta ga matsaloli fa, ta ga ƴan biyu, ta ga yaro a gicciye, ta ga mabiya ta tare hanya, amma da yawa cikin waɗanda aka tura babban asibiti ba su isa ba, waɗanda suka isa kuma wani wurin ba jini ba ɗakin aiki.

Alhajin Kasuwa:
To kun gani, ashe ekon ma cin kuɗɗi ce. Ni dama na hwaɗi.

Ɗan Fakilte:
A'a Alhaji ba haka na ce ba. OMS, Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2016 cewa ta yi a yi eko guda kafin sati 24. Amfaninta mafi girma shi ne sanin kwanan ciki. In aka yi ta a wata uku na farko kuskuren bai wuce sati guda ba, in aka bari sai wata takwas yana iya kai sati uku gaba ko baya. Mu kuma nan yaushe ake zuwa eko? Sai ciki ya tsufa ana son a san mace ce ko namiji don sayen kayan suna. A wannan ƙa'idar kuma aka maida awo daga 4 zuwa 8, na farko kafin sati 12, sai 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Ku lura yadda suka matsu a ƙarshe, don nan ne tansiyo ke tashi ba sallama.

Hajiya Babba:
Ɗana kai ka iya lissahin sati, mu da wata muka san ciki, daga watan Azumi zuwa na Tsohi da sauransu. Kuma wannan na kahin sati 12 da kake hwaɗi, yarinya mai cikin fari ta tashi ta tai likita a wata biyu duk unguwa ta gan ta? Ko uwarta ba ta iya gaya ma. Kunya fa ba ta mutu ba, ga tsoron baki, mutane na cewa ciki in an yi ta bayyana shi tun yana ƙarami ba ya zama.

Uwargida Bagalam:
Wallahi Hajiya gaskiya kika hwaɗa. Ni cikina na fari sai da ya kai wata shida na je awo, shi ma uwar mijina ce ta ja ni. Sajfam ta yi ta faɗa wai ina nike tun tuni, na rasa bakin magana.

Anti Sajfam:
Hajiya na san da wannan, kullum shi muke fama. Amma ga abin da ke wucewa a waɗannan watannin da ake ɓoyo. Ƙwayar ƙarin jini mai fer da asid folik tun farko ake son ta, don ƙashin baya da ƙwaƙwalwar yaro a satuttukan farko suke haɗuwa. Fansida ta kare palu, wato zazzaɓin cizon sauro, ana fara ta daga sati 13, wata guda tsakani, aƙalla sau uku, kuma a gabanmu ake haɗiye ta, don mun san in aka tafi da ita gida ƙarƙashin katifa take ƙarewa. Wadda ta ɗauki ciki da bazara ta ɓoye shi har kaka, ta ratsa duk damina ba Fansida wataƙila ba sange, palu ya zauna cikin mabiya ita ba ta ma jin zazzaɓi sosai, sai ta zo mana ido fari fat tafin hannu fari, a auna jini a ga 7 ko ƙasa alhali 11 ake so. Irin wannan in ta zubar da jini kaɗan wajen haihuwa shi kenan. Ni shawarar da nake ba ƴan mata ita ce su zo da hijabinsu kamar masu ciwon kai, ba wanda ya san abin da ya kawo su, mu ba ma shela.

Hajiya Babba:
Ƙwayar nan taku kuma ita ce mata ke cewa tana sa ɗa ya yi ƙato a ciki a kasa haihuwa sai an yanka. Mu ɗiyanmu dama ƙanana ake haihuwarsu su girma a waje.

Ɗan Fakilte:
Hajiya da girmanki, wannan ma an bincika. Jami'ar Oxford ta jagoranci wani aiki, INTERGROWTH-21st, sakamakon ya fito 2014. Sun bi mata masu ciki a ƙasashe 8, Birazil, Sin, Indiya, Italiya, Kenya, Oman, Ingila da Amurka, amma sun zaɓi masu lafiya masu cin abinci sosai, suna auna ɗan tayi da eko har haihuwa. Sai aka ga tsawon yaran kusan ɗaya ne, na Nairobi da na Ingila ba wani bambancin kirki. Kenan ƙanƙantar da muke gani ba jininmu ba ne, yunwa ce da palu da ƙarancin jini da haihuwa kusa kusa. Jaririn da bai kai kilo 2.5 ba shi ne sanyi ke kamawa, shi ne ba ya iya jan nono. Abin da ke hana haihuwa sau da yawa ƙugun uwar ne bai gama buɗewa ba, ko don ƙuruciya ko don ita ma ta tashi da tamowa.

Malam Na Tibiri:
Ni tambayata daban ce. Duk wannan bincike bincike da kuke kawowa, a kan wa ake gwadawa? Ba mu manta abin da ya faru Kano ba a 1996 lokacin sanƙarau, aka gwada magani kan yara har aka yi shari'a shekaru. Kullum talakan Afirka ne abin gwaji.

Ɗan Fakilte:
Malam abin Kano ya faru, ba mai musu, kuma yana cikin abin da ya sa yanzu ba a fara bincike sai kwamitin ɗa'a na ƙasa ya sa hannu, sai an yi wa mutum bayani da harshenshi ya yarda, kuma yana da ikon fita ranar da ya ga dama. Amma ka duba ɗaya gefen. Allurar da ake ba mata don bakwaini, deksametazon, tana nunar da huhun yaro, a Turai an daɗe ana amfani da ita. Aka ɗauko ta aka baza ƙananan asibitoci a ƙasashe shida, sakamakon 2015 ya nuna mutuwar jarirai ƙaruwa ma ta yi, ana ganin don an yi ta ba matan da cikinsu ya riga ya isa, tunda ba a san kwanan cikin ba. Sai OMS ta sake gwaji a asibitoci 29 har da na Najeriya, mata 2,852, wannan karon sai eko ta tabbatar ciki na tsakanin sati 26 da 34 kuma akwai wajen kula da jariri. A 2020 aka ga mutuwar ta sauko daga kashi 23.5 zuwa 19.6 cikin ɗari. Da ba a gwada a irin wurarenmu ba da har yau ana yi a makance. Ko nan Madarunfa cibiyar bincike ta Epicentre ta yi aiki da mata masu ciki a kan abincin ƙari lokacin gwajin rigakafin zawo na rota.

Malam Na Tibiri:
Na ji. Amma takardar da ake ba tsohuwa ta dangwala yatsa da Faransanci take, wannan yardar ni ban gamsu da ita ba.

Ɗan Fakilte:
A nan kam ba zan ja da kai ba Malam.

Baban Ikram:
Jama'a mun iso, sun auna 16/11, sun riƙe ta. An yi mata pikir a ɗuwawu biyu an sa sarom, sun ce sai likita ya zo ya duba yaron. Ku sa mu a addu'a.

Maman Ƴan Biyu:
Allah ya raba lahiya. Pikir ɗin nan na da zahi, ka ce ta yi haƙuri, ni ma na sha ta.

Anti Sajfam:
Amin. Sulfat na manyeziyom ce, ita ke tare jijjiga, za su ba ta na sauke tansiyo daban. Ka zauna kusa kar ka ce za ka koma shago, kuma in likita ya ce a fidda yaro kafin lokaci kar a tsaya sai an kira ƙauye an yi shawara, wannan ciwon ba ya warkewa sai mabiya ta fita.

Ɗan Fakilte:
Ita ma sulfat ɗin bincike ne ya tabbatar da ita, Magpie a 2002, mata 10,141 a ƙasashe 33, ta rage jijjiga da kashi 58 cikin ɗari, ga ta da arha. Akwai kuma asfirin ƙarami da ake ba wadda ta taɓa yin wannan ciwon tun farkon ciki na gaba, amma likita ke rubutawa, kar wata ta karanta nan ta aika yaro wajen mai tebur.

Direban Anbilans:
Ku kuna maganar magani ni bari in gaya muku abin da nike gani. Ana kirana ƙarhe biyu na dare, in tai ƙauye in tarar mace ta kwana biyu tana naƙuda, an ba ta rubutu an ba ta jiƙo, maigida ya tai cin rani Najeriya ko Agadas kuma ba mai ikon cewa a tahi sai an same shi a waya, ga rezo babu. In damina ce kuma gulbi ya kawo sai a ɗauko ta a amalanke zuwa bakin kwalta. Ranar nan wata munka ɗauko, tsohuwar da ke riƙe da ita ta sa zane uku ƙarƙashinta duk sun jiƙe har yana ɗiga bisa takalmina, tana ce mini wai jinin banza ne ke hita. Gwamnati ta ce sezariyan kyauta tun wajen 2006, to man mota fa, da ordinas in an ce babu a nan sai farmasi? Waɗanda suka tsira bayan doguwar naƙuda kuma ku je Danja ku gani, cibiyar yoyon fitsari, yara ne ƙanana da yawansu.

Uwargida Bagalam:
Wannan magana ta izini ita ce ke ci mini rai. Maza in za ku yi tahiya ku bar sallahu mana, ku ce in naƙuda ta zo a wuce likita ba sai an neme ni ba, ku bar kuɗin mota hannun wani. Mi ke da wuya a nan?

Alhajin Kasuwa:
Kullum laihin maza. Ku kuma matan da ke cewa haihuwa a gida ita ce jarumta fa, wadda ta tai likita a ce raguwa ce?

Uwargida Bagalam:
Wannan ma akwai, ban musa ba Alhaji, har kishiya na yi wa kishiya gori da shi.

Anti Sajfam:
Direba ya taɓo inda ya fi mini ciwo. Jini rabin lita shi ne iyaka bayan haihuwa, kuma ido na ƙarya, kowa raina shi yake har mu ma'aikata. Zane guda in ya jiƙe sharkaf ni a wajena an kai. Kuma a nan ƙasarmu ba a baya take ba, daga 2015 zuwa 2020 an bi wani tsari a asibitocin Nijar, mataki uku. Misoprostol da farko, in bai tsaya ba a sa kwaroron roba a bakin sond, wato siririn tiyo, a cikin mahaifa a cika shi da sarom ya danne inda ke zuba, in har yanzu sai a naɗe ta da rigar nan mai matse ƙafafu da ciki don jini ya koma zuciya da kai har a isa inda za a yi aiki. Ranar da aka fara koya mana na kwaroron dariya muka yi ta yi, yanzu ba na shiga gard ban duba yana cikin akwati ba.

Ɗan Fakilte:
An wallafa shi a Lancet Global Health a 2023, Dokta Zeidou Alassoum na cikin masu aikin, mutuwa ta zubar jini ta ragu da fiye da rabi. A shekarar kuma E-MOTIVE ya fito, asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, mata sama da 200,000, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero Kano na cikin jagororin. Leda ce mai ma'auni ake shimfiɗawa ƙarƙashin mace jinin na taruwa ana ganin lamba, da ya kai iyaka sai a yi komi lokaci guda, murza mahaifa, ositosin, asid taranekzamik, sarom, a duba ko yagewa ce, maimakon a gwada wannan a jira a gwada wancan. Zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo ta suka ragu da kashi 60 cikin ɗari. Shi taranekzamik ɗin tun 2017 binciken WOMAN ya nuna in an ba da shi cikin awa uku yana rage mutuwar da kusan kashi ɗaya cikin uku, bayan awa uku kuma ba ya wani amfani, to ku haɗa wannan da labarin amalanken Direba.

Hajiya Babba:
To wannan miso ɗin ba shi ne ake saidawa ba a ce yana sa naƙuda ta yi sauri? Na ga ana ba mata shi a gida.

Anti Sajfam:
Hajiya don girman Allah duk inda kika ga haka ki hana. Adadin da ake ba wa bayan yaro ya fito, in aka ba mace shi yaro na ciki mahaifa na iya fashewa, uwa da ɗa duka a rasa. Haka masu zuwa gida suna yin allurar naƙuda. Mu kanmu in za mu tada naƙuda ɗan kaɗan muke sawa muna sauraren zuciyar yaro, tsakanin 110 da 160 a minti, in ta sauka mu tsaya.

Direban Anbilans:
Wani abu kuma, jini. Sau nawa nike kai mace a ce a kawo masu ba da jini, dangi goma na tsaye bakin ƙofa kowa ya ce shi bai da isasshe. Mu nan gurup mun hi mutum ɗari biyu, mi zai hana a rubuta sunan masu iya badawa da gurup ɗin jininsu?

Maman Ƴan Biyu:
Wannan shawara ta yi. Maigidana O ne, na sa shi ko bai sani ba.

Malam Na Tibiri:
Ba da jini don ceton rai halal ne, sadaka ce ma, in ana so in yi bayani a kai bayan sallar Juma'a. Ku sa ni, amma ban san nawa ba.

Anti Sajfam:
Ana aunawa a wajen, minti kaɗan ne Malam. Wanda bai kai shekara 18 ba ko kilo 50, da mai ciki da mai shayarwa, kar su sa suna. Direba kai ka riƙe lis ɗin tunda kai ake fara kira.

Alhajin Kasuwa:
Ni tsoron allura gare ni wallahi. Ku rubuta ni wajen man mota, lita goma duk wata.

Direban Anbilans:
Na rubuta Alhaji, kuma ƙarshen wata zan biyo shago. Sauran ku turo mini ta pirive da unguwa da lambar waya, kar a cika gurup.